Yadda Ake Tarawa da Tantance Tsofaffin Lambobin Ƙungiyoyin Agaji na Daular Rasha

Masu karatu sun sha turo hoton wata lamba mai rubutun Rashanci da suka gani a shafin gwanjo, suna tambaya ko ta gaske ce, kuma ko ta cancanci kuɗin da aka sa mata. Kusan dukkansu hoton gaban lambar suke turowa, alhali abin da ake bukata wajen yanke hukunci yana bayanta da gefenta. Wannan jagora ta shafi lambobin da ƙungiyoyin taimakon marasa lafiya, marayu, makafi da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu suka riƙa ba mambobinsu da masu ba su gudummawa, kafin daular ta rushe a 1917. An jera matakan ne bisa tsarin da ya kamata a bi su, domin wanda ya fara da farashi kafin ya karanta rubutu da hatimi shi ne wanda 'yan jabu suke jira.

1. Zaɓi fanni guda

Ƙungiyoyin suna da yawa ƙwarai, kuma mai farawa ba zai iya sanin surar kowace lamba ba. Ya fi kyau ka tsaya a kan ƙungiya ɗaya ko zamani ɗaya, ka riƙe shekarar da aka kafa ta a ka, saboda wannan shekara za ta yi maka aiki a gaba. Ƙungiyar Jinƙai ta Sarki, wadda Sarki Alexander na Ɗaya ya kafa, ta soma a 1802. Ƙungiyar kula da sojojin da suka ji rauni da marasa lafiya ta soma a 1867, sai a 1879 aka sauya mata suna zuwa Red Cross ta Rasha. Ƙungiyar ceton waɗanda ruwa ya ci ta zo a 1872, ƙungiyar Falasɗinu ta Cocin Orthodox a 1882, Kwamitin Skobelev na taimakon nakasassun sojoji a 1904, sannan Kwamitin Gimbiya Tatiana, 'yar Sarki Nicholas na Biyu, a 1914.

A ganina Red Cross ce ta fi dacewa da mai farawa. Lambobinta na lokacin yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 da na Yaƙin Duniya na Farko suna fitowa kasuwa a kai a kai, don haka akwai abin kwatantawa da yawa, kuma kuskure a nan ba ya cin aljihu kamar kuskure a kan lambar zinariya.

2. Tanadi kayan aiki

Ana bukatar madubin ƙara girma na hannu mai ninka abu sau 10, irin wanda maƙeran zinariya suke amfani da shi. Ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Ma'aunin faɗi da kauri mai nuna milimita. Ƙaramar tocila mai hasken UV, irin hasken da ake duba takardar kuɗi da shi. Da littafin rubutu. Duk waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin lambar azurfa ɗaya mai kyau ba. Abin da yake da tsada shi ne littafin kwatance. Wanda gidajen gwanjo suka fi kafa hujja da shi shi ne kundin Patrikeev da Boynovich mai juzu'i uku, kuma za ka riƙa ganin sunayensu tare da lambar shafi ko ta hoto a bayanin kaya. Idan bai samu ba tukuna, tsofaffin sakamakon gwanjo da manyan gidaje suke bari a intanet kyauta suna maye gurbinsa na ɗan lokaci, tunda suna ɗauke da hoton gaba da baya da nauyi da faɗi.

Gargaɗi: kada ka sa ruwan gwajin zinariya a cikin kayan aikinka. Yana bukatar a kankare ƙarfe, kuma lambar da aka kankare ta rage daraja har abada.

3. Gane irin lambar

Iri biyu ne manya, kuma masu sayarwa suna rubuta sunayensu na Rashanci. Wadda ake kira znak lambar ƙirji ce, yawanci babba, wadda sarki ya amince da surarta da ƙa'idar sanya ta, kuma a bayanta akwai kusa mai zare da noti, ko kuma fil. Wadda ake kira zheton ƙarama ce, tana da zobe a sama, wani lokaci da guntuwar sarƙa, saboda a sarƙar agogon aljihu ko a maɓalli ake rataye ta. Tun da lambar ƙirji tana da surar da doka ta tsayar, duk wani saɓani da hoton littafi abin tuhuma ne. Zheton kuwa ta fi sassauci, domin reshen ƙungiya a wani gari ko wani attajiri yana iya ba maƙeri aikinta, shi ya sa ake samun bambance-bambance na halal a tsakaninsu.

Ƙungiyoyi da dama suna da daraja-daraja, ta zinariya da ta azurfa da ta tagulla, gwargwadon matsayin mamba ko girman gudummawarsa. A ƙasan duka akwai masu araha da aka buga da yawa a siririn ƙarfe don sayarwa a titi ranar tara kuɗi, kamar Ranar Farin Fure ta yaƙi da tarin fuka wadda aka fara a Rasha a 1911.

4. Karanta rubutun kafin komai

Ba sai ka iya Rashanci ba, amma dole ka san haruffa. A 1918 aka gyara ƙa'idar rubutun Rashanci, aka jefar da haruffan ѣ da і da ѳ, aka kuma daina sa ъ a ƙarshen kalmar da ta ƙare da baƙi. Saboda haka lambar zamanin daula tana rubuta kwamiti комитетъ, tana rubuta Петроградъ, da wannan harafi a ƙarshe. Idan ka ga комитет tsirara a kan lambar da aka ce ta 1915 ce, ka ajiye ta. Masu yin jabu na yanzu sun san wannan, sai dai sukan yi kuskure ta ɗaya ɓangaren, su zuba tsofaffin haruffan inda ba wurinsu ba, don haka ka kwatanta rubutun harafi da harafi da hoton lambar da aka tabbatar.

Kalmomi kaɗan suna nuna maka cewa abin na agaji ne: общество tana nufin ƙungiya, попечительство hukumar kulawa, пріютъ gidan marayu, въ память kuma domin tunawa. Wasu lambobin da takensu ake gane su. Lambar Red Cross ta 1899 tana ɗauke da umarnin nan na Littafi Mai Tsarki cewa mutum ya ƙaunaci maƙwabcinsa kamar kansa, ta ƙungiyar Falasɗinu kuma tana da haruffan Girkanci X da P a haɗe tare da ayar annabi Ishaya game da Sihiyona da Urushalima. Sunan gari ma shaida ne: Petersburg ta koma Petrograd a 1914 bayan an shiga yaƙi da Jamus, don haka lambar da ta ce Petrograd ba za ta girmi wannan shekara ba.

Gargaɗi: manhajar fassara ta waya tana rikicewa da tsofaffin haruffa da kuma taƙaitattun kalmomi. Ka kwafe rubutun da hannunka a littafi, sannan ka nemi ma'anar kalma ɗaya bayan ɗaya.

5. Karanta hatimin ƙarfe

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ka juya lambar, ka duba bayanta da zoben sama da notin, da madubi, a hasken rana ta gefe. Rasha ba ta auna tsabtar ƙarfe da kashi dubu a wancan zamani. Tana aiki ne da ma'aunin zolotnik, inda 96 take nufin tsantsa. Lamba 84 azurfa ce mai kashi 875 cikin dubu, kuma ita ce aka fi gani. Lamba 88 azurfa ce mai kashi 916, wadda ake yawan samu a aikin inamel mai kyau, wato adon gilashi mai launi da ake narkawa a kan ƙarfe. Lamba 56 zinariya ce mai kashi 583, wato karat 14, 72 kuma ita ce karat 18.

Surar hatimin hukuma ta sauya sau biyu a cikin shekarun da suka shafe mu, kuma wannan sauyi shi ne agogon mai tarawa. Kafin 1899 za ka ga tambarin gari kusa da lambar tsabta, sau da yawa tare da haruffan jami'in gwaji a saman shekara. Tambarin Petersburg anka biyu ne a gicciye da sandar sarauta a tsakiya, na Mosko kuwa Waliyyi George ne a kan doki yana soke dodo da mashi. Daga 1899 zuwa 1908 aka koma kan wata mace sanye da adon kai na gargajiya da ake kira kokoshnik, tana duban hagu, da lambar tsabta a gabanta da haruffan jami'in gwaji a bayan kanta. Haruffan farkon sunan jami'in ne, biyu-biyu, kuma waɗanda za ka fi haɗuwa da su su ne ЯЛ na Yakov Lyapunov da АР na Alexander Romanov a Petersburg, da ИЛ na Ivan Lebedkin a Mosko. Daga 1908 sai kan ya juya yana duban dama, aka cire sunan jami'i aka sa harafin Girkanci mai nuna yanki: α ga Petersburg, Δ ga Mosko. Ƙananan sassa kamar zobe sukan ɗauki ɗan ƙaramin hatimi mai kan macen kaɗai.

Idan ka ga 875 a rubuce maimakon 84, abin na zamanin Tarayyar Sobiyet ne ko bayanta, domin a 1927 aka koma ma'aunin kashi dubu. Kan ma'aikaci da guduma, ko tauraro mai lauje da guduma a ciki, duk hatimin Sobiyet ne.

Kusa da hatimin hukuma akwai na maƙeri. Kamfanin Eduard na Petersburg yana buga sunansa cikakke, Эдуардъ, kuma ya yi lambobi da yawa. Haruffan АТ na Alfred Thielemann ne, wanda aka san shi da irin waɗannan ƙananan lambobi, ɗaya daga cikin manyan maƙeran Fabergé, shahararren gidan ƙera kayan ado na Petersburg. Masana'antar Kuchkin ta Mosko kuwa masu araha na tagulla ta fi bugawa.

Gargaɗi: sunan Fabergé shi ne hatimin da aka fi yi wa jabu a duk kayan Rasha. Akwai lambobi na asali da wani ya ƙara musu wannan suna daga baya don ya ninka farashi. Hatimin da aka buga bayan an gama inamel yakan bar tsagewa ko ɗan kumburi a gaban lambar daidai inda ya faɗa, saboda haka duk lokacin da ka ga hatimi a baya, ka juya ka duba abin da ke gabansa.

Rashin hatimi kuma ba ya nufin jabu. Tagulla ba ta ɗaukar hatimin hukuma ko kaɗan, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Farko an yi da yawa da ƙarfe mai araha. Waɗanda Rashawan da suka yi hijira suka sa aka ƙera musu a Faris bayan 1917 suna iya ɗaukar hatimin Faransa, kamar kan aladen daji a kan azurfa. Suna da masu nemansu, amma ba a biyansu kuɗin na zamanin daula.

6. Haɗa shaidun wuri ɗaya

Yanzu kana da abubuwa huɗu a littafinka: shekarar kafa ƙungiya, salon rubutu, zamanin hatimi, da duk wata shekara ko suna da aka zana a baya. Dole su yarda da juna. Lambar Kwamitin Tatiana mai kan mace yana duban hagu ba za ta yiwu ba, domin an daina wannan hatimi shekara shida kafin a kafa kwamitin. Haka nan kalmar Petrograd ba ta zama tare da haruffan ЯЛ. Hatimin Mosko na Waliyyi George a kan lambar yaƙin Japan ma ƙarya ce.

Sai dai akwai saɓanin da ba laifi ba ne, kuma masu farawa sukan ƙi kaya mai kyau saboda shi. Shekarar da ke gaban lamba sau da yawa ta kafa ƙungiya ce, don haka 1802 a kan azurfa mai hatimin kokoshnik ba abin mamaki ba ne, musamman da Ƙungiyar Jinƙai ta cika shekara 100 a 1902. Shekarar da aka zana da hannu a baya tana iya zuwa bayan ta hatimi, tunda maƙeri yana ajiye kaya kafin a saya. Mikiya mai kai biyu wadda ba ta da kambi tana nuna watannin Gwamnatin Riƙon Ƙwarya na 1917, bayan sarki ya sauka a watan Maris. Noti kuma yana ɓacewa a sauya shi da wani, shi ya sa sunan da ke kan noti ba ya tabbatar da wanda ya ƙera lambar, kuma saɓaninsa ba ya rushe ta.

Sunan mai ita da aka zana a baya yana ƙara daraja idan na asali ne. Tsohon zanen hannu yana da layi mai kauri da siriri, cikinsa ya yi baƙi daidai da sauran ƙarfen, bakinsa ya goge saboda sawa. Sabon zane yana da ƙyalli a ciki da kaifi a baki, na inji kuma zurfinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe.

7. Duba jikin lambar

Yawancin na asali bugawa aka yi da ƙarfen ƙira, sannan aka gyara da hannu, aka haɗa sassan da liƙi ko ƙananan ƙusoshi. Yawancin jabu zubi ne daga samfurin wata ta asali. Zubi yana barin ƙananan ramuka da ƙuraje a filin baya, haruffa su yi laushi kamar sun narke, gashin mikiya ya haɗe, wani lokaci kuma a ga layin haɗi a gefe. Babbar alamarsa ita ce hatimin kansa ya fito a dushe, da irin ƙurajen da ke kewaye da shi, saboda tare da lambar aka zuba shi. Zubi yana kuma ɗan ƙanƙancewa, don haka ka auna faɗi da tsawo da nauyi ka kwatanta da na littafi ko na gwanjon baya.

Inamel na asali gilashi ne da aka narka a wuta a kan ƙarfe. Yana da sanyi da tauri, idan ya fashe yakan ɓalle da kaifi, kuma ta cikin ja ko shuɗi mai haske kana iya hango zanen layuka da aka yi wa ƙarfen a ƙasa. Na jabu da na gyara roba ce da ake zubawa da sanyi, tana da taushi, tana taruwa a kusurwa, kuma sau da yawa tana yin wani haske daban a ƙarƙashin tocilar UV a ɗaki mai duhu. Gyaran da aka yi wa reshe ɗaya na gicciye ba ya mai da lamba jabu, amma dole ya sauko da farashi, kuma mai sayarwa na kirki yana faɗa da kansa.

Gargaɗi: wasu suna ba da shawarar a soka allura mai zafi a inamel. Kada ka yi. Idan roba ce ka ɓata kayan da kake son mayarwa, idan gilashi ne zafin yana iya tsaga shi.

8. Saye da lissafin kuɗi

Wurin da ya fi aminci shi ne gidajen gwanjo masu sashen lambobin yabo, irin su Künker da Hermann Historica a Jamus, da Spink da Morton & Eden a Landan, domin suna rubuta sharuɗɗan mayar da kaya idan ya tabbata jabu ne. Ka karanta wannan sharaɗi da wa'adinsa kafin ka yi tayi. A kasuwannin intanet na kowa da kowa kuwa jabu ya yi yawa, kuma saye da hoto ɗaya cinikin biri a sama ne. Ka nemi hoton baya, na gefe, na hatimi kusa-kusa, da nauyi a rubuce. Wanda ya ƙi ba ka waɗannan, ka bar masa kayansa.

Game da farashi, na tagulla da aka buga da yawa sukan tafi a kan 'yan gomomin dala, na azurfa mai inamel a kan ɗaruruwa, na zinariya ko na gidan Fabergé da aka tabbatar kuma a kan dubbai. Kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ƙara ladansa, wanda yawanci yake tsakanin kashi 20 da 25 cikin ɗari, wasu ma sun fi haka. Idan ka ci gwanjo a kan Yuro 300 kuma ladan kashi 25 ne, ka riga ka kai Yuro 375 kafin kuɗin aikawa da inshora da cajin banki da na kwastam. Ka fara da iyakar abin da za ka iya biya gaba ɗaya, ka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne tayinka na ƙarshe, kuma ka rubuta shi kafin a fara gwanjon. Mai saye daga Najeriya ko Nijar ya tambayi gidan tun da wuri ko suna aikawa ƙasarsa da kuma hanyar biyan da suke karɓa.

Gargaɗi: kada ka sayi tsohuwar lamba daga wanda yake cikin Rasha yana cewa zai turo ta a ambulan. Dokar ƙasar ta 1993 kan fitar da kayan tarihi tana bukatar izinin Ma'aikatar Al'adu, kuma duk waɗannan lambobin sun haura shekara 100. Ana iya ƙwace kayan a hanya, ga kuma wahalar biya da aka shiga tun takunkuman da aka sa wa Rasha a 2022.

9. Bayan ta iso

Ranar da ta iso ka maimaita mataki na 4 zuwa na 7 da lambar a hannunka, tun wa'adin mayarwa bai wuce ba. Sannan ka ba ta lamba a littafinka, ka rubuta sunan ƙungiya, ƙarfe, nauyi, faɗi, hatimai, inda ka saya, rana da kuɗi, ka liƙa rasidi da bayanin gwanjon. Idan ta zo da akwatinta na asali ko takardar shaidar da ƙungiya ta ba mai ita, ka ajiye su tare, domin raba su yana rage darajar duka biyun.

Kada ka goge ta da man goge ƙarfe, toka, lemun tsami ko man goge baki. Duhun da azurfa ta yi cikin shekaru yana cikin abin da masu saye suke dubawa, kuma ruwan zinariyar da aka shafa wa wasu siriri ne ƙwarai. Buroshi mai laushi a bushe ya isa ya kawar da ƙura. Ka riƙe ta ta gefe, ka sa kowace a nata gurbin don kada inamel ya bugi wani ƙarfe, ka nisanta ta daga robar ɗauri da ulu da leda mai taushi, waɗanda suke sa azurfa baƙi ko su bar kore mai danƙo. Da damina ka sa ƙunshin silika mai tsotse danshi a cikin akwatin, ka riƙa sauya shi. Idan ka ga garin kore mai haske yana fitowa a kan ta tagulla, ka ware ta daga sauran nan take, ka ajiye ta a busasshen wuri, ka nemi mai gyaran kayan tarihi, domin irin wannan tsatsa tana ci gaba da cin ƙarfen muddin akwai danshi.